Zuwa ga Yaya Malam, daga Nottingham

Assalamu alaikum Yaya Malam,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kowa lafiya, ya Baba, ya Inna da gwiwar tata, ya maman su Ummi da yara, ya ɗalibai ya fama da jama'a. Mu nan Alhamdulillah sai dai sanyi, yanzu an shiga lokacin da kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ka fita da duhu ka dawo da duhu, azahar da la'asar da magariba duk a wurin aiki suke riskata kusan a jere. Saƙon da kuka bayar ya iso, kuka da kuɓewa da daddawa da yajin nan na Inna duk sun zo lafiya ba abin da ya zube, a daren Hauwa ta tuƙa tuwo, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Kuɗin maganin Inna na tura ta asusunka, dan Allah a koma wurin likitan ƙashin nan a ranar da ya ce, kar a bari sai ciwon ya motsa.

Saƙon muryar da ka turo min daren Juma'a shi ya sa na zauna rubuta wannan doguwar wasiƙa, inda kake cewa ka koya wa 'yan SS2 ɗinka kashi cikin ɗari ka maimaita ka sake maimaitawa, a aji kowa na gyaɗa kai, da aka zo gwaji sai ka ga kamar baka taɓa buɗe baki ba, har kake cewa ka fara tunanin ko yaran yanzu ne kansu ba ya ja. Wallahi na ji gajiyar a muryarka kuma ta taɓa ni, don ni na san irin malamin da kake, a hannunka na koyi sau da rabawa tun kafin a kai wurin a makaranta. Amsar da nake so in baka ba za ta shiga saƙon murya ba, labarin wani mutum ne da aikinsa ya riƙe ni a wannan sana'a tun da nazo ƙasar nan.

Sunansa Malcolm Swan, farfesa ne a fannin koyar da lissafi a jami'ar Nottingham, nan garin da muke. Ya rasu a watan Afrilun 2017, tun kafin inzo, don haka ban taɓa ganinsa ido da ido ba, amma gaskiya ba satin da zai wuce ban yi amfani da wani abu da ya fito daga hannunsa ba.

Kasan inda nake koyarwa ba sakandare bace sak, kwaleji ce ta 'yan shekara 16 zuwa sama, masu koyon gini da aikin famfo da kanikanci da gyaran gashi da kula da tsofaffi. A nan Ingila yaro na rubuta GCSE yana shekara 16, kamar WAEC ɗinmu, maki daga 9 zuwa 1, tara ce ƙololuwa, toh duk wanda bai samu 4 a lissafi ba ƙa'ida ce sai ya ci gaba da karanta lissafi har ya kai 18 ko ya ci. Waɗannan su ne ɗalibaina. Ka ga kenan ajina cike yake da waɗanda suka riga suka faɗi, wasu sun sake sun kuma faɗi, sun shekara goma sha ɗaya ana koya musu abu ɗaya, kuma sun gama yanke wa kansu hukunci cewa su ba 'yan lissafi bane. Yaro zai shigo ya zauna a can baya ko rigar sanyi ba zai cire ba, ya kafa wa tebur ido, kana magana yana kallon agogo. Abin da ka faɗa kan 'yan SS2 ɗinka shi nake gani a nan, ga fanka ga hita ga kwamfuta ga allo mai haske, duk basu hana ba.

Wata dattijuwa a sashenmu, wadda ta kusa ritaya, ita ta jawo ni ɗakin ajiya wata rana ta sauko da wani akwati daga saman kabad, gefensa duk ya cinye an liƙe da salatif. A ciki akwai manyan fayil na darussa da faya-fayan bidiyo da ambulan ambulan cike da katuna da aka yanka da almakashi aka ɗaure da roba, wasu har sun yi baƙi saboda hannun yara. Tace wannan ne akwatin Standards Unit, sunan sashen ma'aikatar ilimi da ya fitar da shi a 2005 aka raba wa kwalejoji kyauta, kuma Malcolm Swan ne ya jagoranci tsara darussan, dama bincikensa a kan irin ajinmu yayi shi, ajin masu maimaita jarabawa. Tace in ɗauki na kashi cikin ɗari in gwada, sharaɗi ɗaya kawai, kar in fara da bayani a allo.

Bari in kwatanta maka darasin sosai don shi ne ya dace da damuwarka. Yara na zama bibbiyu ko uku uku. Ka basu katuna huɗu na kuɗi, fam 100, fam 150, fam 200, fam 160, su ajiye a kusurwa huɗu na tebur. Sai ka basu wasu katunan masu kibiya, wannan an rubuta ƙari da kashi 50, wancan ragi da kashi 20, wani ƙari da kashi 100, wani ragi da kashi 50, wasu kibiyoyin kuma fanko ne su zasu rubuta da kansu. Aikinsu shi ne tsakanin kowane kuɗi biyu su sa kibiyar zuwa da kibiyar dawowa, kuma ba mai ajiye kati sai ya faɗa wa abokin zamansa dalili, shi kuma abokin ya yarda ko ya musa.

Akwai wani yaro mai koyon aikin famfo, dogo, ba ya magana a aji sam. Ya ɗauki ƙari da kashi 50 ya sa daga 100 zuwa 150, daidai. Sai ya ɗauki ragi da kashi 50 ya sa daga 150 zuwa 100 ya jingina da kujera alamar ya gama. Yarinyar da ke kusa da shi, tana aiki a kantin kaya ranakun Asabar, tace a'a. Yace ya a'a, abin da ka ƙara shi zaka cire mana. Tace in manajanmu ya liƙa ragin kashi 50 a kan jaket ɗin fam 150, fam 75 zaka biya ba ɗari ba, kullum ni nake buga shi a na'ura. Ya ɗauko kalkuleta ya danna ya ga 75, ya sake dannawa, ya yi shiru yana juya katin a hannu. Ina tsaye a bayansu Yaya, bakina cike da amsa, na danne. Can sai yace toh hamsin ɗin da zan cire ai daga 150 zan cire ta ba daga ɗari ba, ya zana layi ya raba 150 gida uku, yace ɗaya bisa uku ce, ya ɗauki kibiyar fanko ya rubuta ragi da kashi 33 da sulusi da hannunsa. Daga nan ba wanda ya ce musu komai suka wuce kan 200 da 160, suka gano sauka kashi 20 ce amma hawa kashi 25 ce, yaron nan har yana miƙa wuya teburin gaba yana ce musu ku duba naku kun yi kuskure. Bayan nan sai ka ƙara musu wani rukunin katunan, sau 1.5, sau 0.8, sau 2, sau 0.5, su ɗora kowanne a kan kibiyar da ta dace, daga baya kuma na kaso, sau biyu bisa uku, sau huɗu bisa biyar, a ƙarshe tebur ya cika kuma yaro na gani da idonsa cewa ragi da kashi 20 da sau 0.8 da sau huɗu bisa biyar duk magana ɗaya ce.

Abin da Swan ya tsaya a kai kenan duk rayuwarsa ta aiki, cewa kuskuren yaro yawanci ba shirme bane ba kuma lalaci ba, tunani ne mai dalili wanda ya taɓa yi masa aiki a wani wuri. Tun firamare yaro ya san in ka ƙara biyar ka cire biyar ka dawo inda kake, gaskiya ne kuwa, shi ya sa ya ɗauko ta ya kawo kan kashi cikin ɗari. Ya san sau na ƙara yawa, rabawa na ragewa, shekara da shekaru haka yake gani, ranar da ka bashi 8 sau 0.5 ya ga 4 sai ya zaci kalkuleta ta lalace, in kace 6 raba 0.5 zai baka 3 alhali 12 ce, don tambayar ita ce rabi nawa ne a cikin shida. Ya san 75 ta fi 8, sai yace 0.75 ta fi 0.8. Toh in malami ya tsaya a allo ya nuna hanyar da take daidai, yara suka kwafa suka yi misali goma irinsa, tsohon tunanin yana nan kwance a ƙasa ba wanda ya taɓa shi, bayan sati uku sabon ya gushe tsohon ya taso, shi ne abin da ka gani a gwajinka. Swan da wani abokin aikinsa Alan Bell sun gwada wannan tun shekarun 1980, wani ajin a koyar ta hanyar kauce wa kuskure, wani ajin kuma da gangan a tono kuskuren a fili a bar yara su ci karo da saɓani su yi gardama har su warware, in aka dawo bayan an kwana biyu aka sake gwaji, waɗanda suka yi gardamar su ke riƙe abin. Kamar bakaniken kirki ne a Tudun Wada, ba ya fara kwance inji sai ya tada motar ya kasa kunne ya ji inda take ƙara.

Shi Swan kansa malamin aji ne kafin ya koma jami'a. A 1979 ya shiga wata cibiya da ake kira Shell Centre, kamfanin mai na Shell ne ya bada kuɗin kafa ta a ƙarshen shekarun 1960, aikinta kawai yadda za a gyara koyar da lissafi, kuma a nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. A 1985 suka fitar da wani kundi kan karanta zanen giraf, wato zanen lissafi mai nuna yadda abu ke hawa da sauka, wanda tsofaffin malamai har yau suke kira jan akwati. A lokacin yara na iya ɗiga ɗigo a takardar giraf su haɗa da rula amma in ka tambaye su me zanen ke cewa sai shiru. Shi sai ya juya abin, ya cire lambobi ma gaba ɗaya a wasu darussan. Ga hoton kwalabe iri iri, mai faɗin gindi, mai siririn wuya, mai ciki kamar tulu, ana zuba ruwa a hankali ba tsayawa, zana min yadda tsayin ruwan ke hawa a kowacce. Ba fomula ba lissafin komai, sai ka yi tunani, inda kwalba ta yi faɗi ruwa na hawa a hankali, inda ta tsuke sai ya zabura. Na baiwa ajin manya masu zuwa da yamma wannan, wani magini da ya girme ni ya tashi ya je ya ɗauko kwalbar lemo ya cika a famfo yana kallo don ya kafa hujja a kan abokinsa.

Akwai kuma na tafiya, zanen nisan mutum daga gida da lokaci, layi ya hau ya sauko ya sake hawa. Kusan rabin aji zasu ce maka mutumin ya hau tudu ne ya gangaro, don suna kallon giraf kamar hoton hanya, alhali saukowar na nufin ya juyo ya nufo gida. Ka gwada wannan a 'yan SS3 ɗinka ma ka gani, ina da yaƙinin zaka samu masu hawa tudu.

Wanda ni na fi so shi ne na jimloli. Ka rubuta magana ɗaya, yara su yanke ko kullum gaskiya ce, ko wani lokaci, ko ba ta taɓa zama gaskiya, kuma dole su kawo misali da dalili. Misali, in ka ƙara lamba ɗaya a sama da ƙasan kaso, kason zai ƙaru. Kowa zai ce eh, ɗaya bisa biyu ta koma biyu bisa uku, ta ƙaru. Sai wani ya gwada uku bisa biyu ta koma huɗu bisa uku, ta ragu, aji ya rikice, sai wata ta kawo biyu bisa biyu da ba ta motsa ba, daga nan tambaya ta koma yaushe take ƙaruwa kuma me ya sa. Ko kuma wannan, in ka yanke wani yanki daga siffa, faɗin filinta da tsawon kewayenta duk zasu ragu. Na raba musu takarda da almakashi, fili dai kullum raguwa yake ba gardama, amma kewaye fa, wata yarinya ta yanke ɗan murabba'i daga kusurwa ta auna ta ga bai canja ba ko kaɗan, ta sake aunawa, wani ya yanke daga tsakiyar gefe ya ga ƙaruwa ma yayi. Yarinyar nan ta ɗaga takardarta sama tana nuna wa kowa, ita da a farkon zango ta ce min kar in taɓa kiran sunanta a aji.

Abin da ya sa darussan ke aiki a hannun malami irina, ba a ofis aka zauna aka rubuta aka buga ba. Swan da abokan aikinsa zasu tsara darasi su kai wa malamai a makarantu daban daban su koyar, su kuma suna zaune a bayan aji suna rubuta abin da yara suka ce da inda suka maƙale da inda malami ya ruɗe, su koma su gyara su sake kaiwa, sai ya nuna sannan a fitar da shi. Shi ya sa in ka buɗe takardar jagorar malami zaka ga an rubuta maka kuskuren da yaranka zasu yi tun kafin su yi, da tambayar da zaka yi wa mai wannan kuskuren maimakon ka bashi amsa, kuma wallahi sai ka shiga aji ka ga abin na faruwa kamar sun san yaranka. Har katin da zai jawo gardama da gangan aka sa shi. Ni wannan nake kira girmama malami, ba a zo an yi maka huɗuba kan yadda ya kamata ka koyar ba, an baka kayan aiki a hannu an ce shiga ka gwada, kuma garin gwadawa kai ma kana canjawa, ka koyi yin shiru ka koyi sauraro.

Daga baya aikin ya tsallaka Amurka, su mutanen Shell Centre da jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, da kuɗin gidauniyar Bill Gates, suka tsara darussa ɗari na 'yan sakandare suka zuba a intanet kyauta, malamai sun sauke su sau miliyoyi. A cikin waɗannan akwai dabarar da nake so ka lura da ita, kafin darasi ka ba yara ɗan aiki su yi su kaɗai, ka karɓa ka duba amma kar ka sa maki, tambaya zaka rubuta wa kowa a ƙasan aikinsa, don da yaro ya ga 3 bisa 10 ya rufe takarda shi kenan, amma tambaya tana sa shi ya sake kallo. A 2016 hukumar koyar da lissafi ta duniya ta ba shi da abokin aikinsa Hugh Burkhardt lambar yabo ta Emma Castelnuovo a babban taron da aka yi a Hamburg ta Jamus, su ne na farko da aka fara ba wannan lambar, wadda aka ware don waɗanda aikinsu ya shiga cikin aji ya canja yadda ake koyarwa. Shekara bata cika ba ya rasu.

Inda na fi ganin girman mutumin shi ne a taron malamai. Akan haɗu ranar Asabar malaman lissafi daga kwalejoji da makarantu, kowa ya kawo abin da yake yi a aji, sai ka ga wata yarinya sabuwar malama ta tashi tana nuna katunan haɗawa da ta yi kan aljabara, wani ya kawo jimlolinsa na kullum ko wani lokaci ko ba ta taɓa, wasunsu basu ma san daga ina salon ya yaɗu ba, sun tarar ana yi ne kamar yadda muka tarar ana rera sau biyu. Sai masu furfura su ce ai wannan hannun Malcolm ne. Dattijuwar nan tamu ta halarci bitarsa, tace ba ya tsayawa dogon jawabi, zai raba wa malamai katunan ne yace ku yi, sai ka ga manyan malamai masu digiri suna gardama kan kwalba da ruwa, shi yana zagayawa yana saurare, in ka tambaye shi amsa sai ya mayar maka da tambaya. Tana faɗa idonta na kawo ruwa. Ni da ban san shi ba ma ina jin kamar malamina ne, kuma ina jin nauyin godiya da ba inda zan kai ta sai dai in isar da abin ga wani, shi ya sa nake rubuto maka.

Ba wai kowa ya yarda da hanyar ba fa. A nan Ingila yanzu akwai masu ƙarfin murya da ke cewa malami ya yi bayani dalla dalla, ya nuna misali, yara su yi ta maimaitawa har ya zauna, aikin rukuni ɓata lokaci ne kuma mai ƙoƙari ne ke yi saura su kwafa. Akwai gaskiya a maganarsu, na ga ajin da aka zuba wa yara katuna malami ya koma gefe, aka tashi ba a tsinana komai ba, kuma darasi ɗaya irin wannan na iya cin awa biyu ga manhaja na jiranka ga jarabawa na matsowa. Ni ra'ayina, haddar sau da Baba ya tilasta mana ba abin yarwa bace, yaron da bai san bakwai sau takwas ba zai sha wuya ko da wace hanya, kuma akwai abin da dole ka tsaya a allo ka faɗa. Amma wuraren nan da yara ke faɗuwa shekara bayan shekara, kashi cikin ɗari, kaso, lambobi masu ɗigo, lambobin ƙasa da sifili, giraf, maimaita bayani da ƙarfi ba ya fidda su, an gwada a kan ɗalibaina shekara goma sha ɗaya. A nan ne aikin Swan ba shi da na biyu a wurina.

Na san me zaka ce, ajinka yara sun haura tamanin, benci ɗaya mutum biyar, ba firinta ba takarda, kuma in firinsifal ya ji hayaniya zai leƙo ya zaci ba malami. Na yi tunanin wannan sosai. Katunan basa buƙatar komai sai kwalin indomi ko na sukari da alƙalamin maka da almakashi, su Ummi ma zasu taya ka yanka da daddare, kuma in ka yi sau ɗaya ka ɗaure da roba zasu yi maka shekaru. Ka mayar da fam ɗin naira, ka ce mudu na dubu biyu ya hau da kashi 50 ya koma dubu uku, gwamnati tace an rage kashi 50, nawa ya koma, ka bar su su yi ta yi, yaran da ke zuwa kasuwar Sabon Gari cefane ba wanda zai koya musu tashin farashi. Benci ɗaya rukuni ɗaya. Na jimloli ma ko kati ba ya so, ka rubuta magana ɗaya a allo kowane benci ya tsaya a kan matsaya ya kawo misali, ka kira benci biyu da suka saɓa su fito su kare kansu. Kuma dan Allah ka bar su su yi gardamar da Hausa, in sun gane sai a mayar Turanci don jarabawa, yaron da ke fama da harshe ga fama da lissafi shiru kawai zai yi maka. Firinsifal kuma ka same shi tun kafin ranar ka gaya masa abin da zaka yi, in da hali ka gayyato shi ya zauna ya gani. Kar ka ce zaka canja komai lokaci ɗaya, darasi ɗaya a sati biyu ya isa farawa, kuma ranar farko zasu zuba maka ido suna jiran ka faɗi amsa don haka suka saba, ka daure.

Na fara fassara na kashi cikin ɗari da na giraf ɗin tafiya da jimloli kamar ashirin, ina mayar da misalan irin namu, zan turo maka ta WhatsApp a hoto yadda ba zai ci maka data ba, na asalin kuma suna nan kyauta a intanet in ka samu shiga kafe. In ka gwada ka ɗauko min hoton abin da yara suka rubuta, musamman kuskuren, shi na fi son gani, ina so in san ko yaran Zariya da na Nottingham wuri ɗaya suke tuntuɓe. In ya karɓu ka nuna wa abokan aikinka na sashen, har da malamar nan ta makarantar 'yan mata da kace tana da himma.

Maganar zuwa gida muna sa rai da babbar sallah in Allah ya yarda, ya danganta da hutu da kuɗin jirgi, kar dai a gaya wa Inna tukuna sai ta tabbata. Hauwa na gaishe ku sosai, tace a gaya wa maman su Ummi atamfar ta yi kyau har an ɗinka. Abba ya fara haɗa jimla da Hausa, kullum sai ya ce a kira masa Kaka. Ka gaida Baba da kyau ka ce ina neman addu'a, ka gaida Kawu da mutanen gidansa, da liman, da duk wanda ya tambaye ni. Maganar rufin ɗakin Inna ka samo mai gyara ya faɗi kuɗin kafin damina, sai ka sanar dani.

Naka ƙaninka,
Sani